Ranar da Na Tono Zomo

A shekarar da na shiga aji uku na sakandare, ina da zomaye biyu a gidanmu da ke Jos Jarawa, namiji fari da mace mai ruwan toka. Kawuna ne ya kawo min su daga Vom a cikin kwali, Baba kuma ya haɗa musu keji a bayan ɗakin girki. Ban taɓa ganin shaƙuwa irin tasu ba. Tare suke ci, tare suke barci, kullum tana lasar masa kunne kamar an ɗauke ta aiki.

Wata Laraba da safe, bayan an sha ruwa mai ƙanƙara, na tarar da namijin ya miƙe ya sandare. Na yi kukan da na tabbata har mutanen Bukuru sun ji. Amma kafin kukan, sai da na fizge shi daga kejin don kada matar ta gani ta tsorata. Na naɗe shi a ƙyallen da na ɗauko daga shagon ɗinkin Baba, na binne shi a gindin gwaba. A ganina gata na yi mata.

Zomanya ta ƙi ci. Ta wuni tana zagaya keji, tana shinshina kowane lungu, tana tonon katako. Da ta gaji ta koma kusurwa ta dunƙule. Na kawo kabeji, na kawo latas, na kawo ganyen karas mai raɓa. Ko kallo ban ishe ta ba.

Alhamis da safe Baba ya leƙa kejin, ya girgiza kai.

"Wannan ba za ta kai gobe ba. In na dawo daga la'asar zan yanka ta, kada ta zama mushe a yi asarar nama."

Haka ake yi a gidanmu: dabba in ta fara kwanciya, a riga ajali da wuƙa. Na ga Inna har ta fara duban inda ta ajiye citta.

"Baba, takaba fa take yi! Wa ya taɓa yanka mai takaba?"

"Ja'ira. Ɗauki jakarki ki wuce makaranta."

Ban wuce ba. Ciwon ciki ya kama ni nan take, irin wanda ke warkewa da zarar Baba ya sha kwana. Na tattara duk wuƙaƙen gidan na nutsar da su a cikin randa. A ranar nan, da murfin gwangwani Inna ta yanka albasa, tana yi tana tsine wa ɓarawon da bai da zuciyar satar abin kirki.

Ina tsugune gaban keji sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta saman shingen kwano. 'Yar kabilar Ibo ce mai shago, muna ce mata Madam, kuma ta fi kowa zomaye a layinmu. Na ba ta labari.

"Ya ga gawan mijinsa?" in ji ta, da irin Hausarta.

"A'a, na ɓoye mata."

Ta tafa hannu. "Chineke! Shi ya sa! Yana jira ne ya dawo. Zomo in bai shinshina gawa ba, ba ya yarda an mutu. Kai ne ka hana shi ci."

Maganar ta soke ni. Ashe ni ce da laifin. Na kalli gindin gwaba, na kalli rana, ta riga ta karkata. Na ɗauko fartanya.

Inna ta fito da kwanon shinkafa ta gan ni ina haƙa, ta saki salatin da ya tayar da tattabarun maƙwabta.

"Tonon kabari? A gidana? 'Yar nan aljanu ne suka shige ki?"

"Inna, gaisuwa za a yi, in mayar da shi."

Sanyin Jos ya yi min rana, gawar ba ta lalace ba. Na kakkaɓe ƙasar, na kwantar da shi a cikin keji. Zomanya ta ɗago kunne ɗaya. Ta matso a hankali, ta shinshina shi daga hanci har wutsiya, ta tura shi da kai sau biyu. Ta lashi kunnensa. Sai ta kwanta a jikinsa, ta yi shiru.

Muna nan aka kira la'asar, muna nan aka idar. Baba ya shigo riƙe da wuƙar da ya aro wurin mahauci, don Inna ta aika masa da labarin satar. Na miƙe na tare ƙofar keji, na baza hannuwa.

"Matsa."

"Sai dai ka fara da ni, Baba."

"Ke? Namanki ɗaci zai yi. Na ce matsa."

"Wallahi ba zan matsa ba."

Ban taɓa faɗa masa haka ba. Inna ta dafe ƙirji. Ya ɗaga hannu, na runtse ido ina jiran mari. Marin bai sauka ba. Da na buɗe, sai na ga ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo.

Zomanya ta tashi daga jikin gawar. Ta taka zuwa ɗaya gefen, ta ja ganyen karas guda, ta fara gutsura. Ƙaramin sauti ne, ƙyas-ƙyas, amma a kunnena ya fi gangar coci ƙara.

Baba ya daɗe tsaye. Can ya juya wuƙar ya riƙe ta ta baki.

"Dabbar da ke ci ba a yi mata gaggawa," in ji shi. "Amma in ta sake ajiye ci, babu ruwana da takaba."

"Ba za ta sake ba."

"Ita ta gaya miki?"

Na zauna a ƙasa na jingina da keji, na miƙa mata ganye na biyu ta cikin waya. Ta karɓa.