Famfon da Ba a Wanke Ba

Malam Dabo, mutumin wani ƙauye a gefen Dutsi, ya haura shekara sittin bai taɓa sayen irin wake a kasuwa ba. Nasa fari ne, manya-manya, mai jan hanci, wanda ya gada daga mahaifinsa. Kowace kaka matarsa Lami takan tsince masu kyau, ta cuɗe su da toka, ta liƙe a tulu. Da waken nan ya yi rufin kwano, da shi 'ya'yansa biyu suka yi karatu a Daura. Masu ƙosai kuwa da ido suke gane shi.

Bana ruwa ya ɗauke bayan shuka, tsiron ya ƙone. Dabo ya juye ragowar irin kaf ya sake shukawa, ba a bar ko ƙwara a tulu ba. Shuka ta biyu ta yi kyau, sai da ta fara fure tsutsa ta faɗa mata. Furen ya riƙa zubewa, in ka ɓare shi ka tarar da ita kwance a ciki. Ya jiƙa ganyen darbejiya ya yayyafa har sau biyu, ko gezau. Dole ya sayo maganin ƙwari, ya je aron famfon feshi wurin Yazid, ɗan wansa, don shi kaɗai ke da famfo a unguwar.

Da ya buɗe murfin ya ji wani ɗan wari. Ya so ya tambaya ko an wanke, amma a garinsu ba ka aron abu ka tsaya bincikensa a gaban mai shi. Ya yi godiya, ya goya famfo ya nufi gona.

Kwana uku da yin feshin ganye ya murɗe, ya yi rawaya, gona ta kwanta.

Da rana tsaka ya iske Yazid a ƙofar gida yana goge babur.

"Kai Yazid, me ka fesa da famfon nan kafin ka ba ni?"

"Maganin ciyawa ne, Baffa, a gonar dawa. Ai na ɗauraye."

"Ka ɗauraye? Da me, da yawu?"

"Sau ɗaya dai na zuba ruwa. To Baffa, ai da ka tambaya."

"Da na tambaya! Da yanzu gari ya ɗauka na zo aro na ci mutuncinka. Kai da ka yi boko, kai da ke karanta rubutun jikin kwalba, bakinka ciwo yake da ba za ka ce mini a sake wankewa ba?"

"Allah ya huci zuciyarka. Ranar kasuwar Baure zan sayo maka iri, ɗan wata biyu, ya ma fi naka sauri."

"Babur ɗinka ma ya fi ni sauri. Je ka sayo mini abin da ubana ya bar mini, in ana kasa shi a Baure!"

Ya juya ya koma gona yana bin kunya-kunya. Can kusurwar arewa, inda ruwan famfon ya ƙare masa, ya sami tushe goma sha ɗaya da ransu, tsutsa na cin furensu hankali kwance.

Bai ƙara yarda da feshi ba. Kullum da sassafe yakan durƙusa, ya buɗa fure ɗaya bayan ɗaya, ya zaro tsutsar ya murƙushe da farce. Sau biyu Yazid yana zuwa bakin gona ya yi sallama. Dabo ya amsa sallamar, don wannan dole ce, amma bai ɗago kai ba.