Dung Mai Zubo Ƙanƙara

Dung ɗan Jos ne, kuma Allah ya yi masa murya: in yana karatu a coci, har masu wucewa tsayawa suke yi. A 1972, da kuɗin fetur ya fara ambaliya, gwamnati ta turo shi London koyon wasan kwaikwayo. Da ya gama sai ya sami aiki a wani ɗan gidan wasa a Woolwich, inda ba su da sana'a sai mayar da tsofaffin littattafan Rasha wasa. Kullum labarin ɗaya ne, masu hali sun tsiyace, ana shan shayi ana kuka.

Dung ya haddace kowace magana ta kowane ɗan wasa. Shugaban gidan ya saurare shi, ya yi tafi, ya ce, "Madalla! Sai dai babu baƙar fata a Rasha." Ya miƙa masa almakashi.

Aikinsa ke nan shekara biyar: ya yayyanka farar takarda, ya hau can saman dandali inda ba a ganinsa, ya riƙa zubo ta a matsayin dusar ƙanƙara. A wasiƙa kuwa ya gaya wa babansa cewa ba a rufe labule sai da shi. To, ƙarya ya yi?

Ran nan sai ga yayarsa Kaneng ta zo sayayya London. Bai ankara ba ta yanki tikitin wasan Asabar da rana, layin gaba, ta sha ɗaurin kallabi. Awa uku tana miƙa wuya, duk wanda ya fito ta leƙa fuskarsa. Shi kuwa yana sama, zufa na karyo masa. Wallahi ya so ya ƙi zubawa, amma lokaci ya yi, hannu ya saba. Iska ta kwaso takardun har kan kallabinta. Ta ɗaga kai, suka haɗa ido.

A bakin ƙofa ya tarar da ita tana tsince takardun daga kallabinta ɗaya bayan ɗaya, tana zubawa a ambulan.

"Yaya, don Allah, bari in yi miki bayani."

"Bayanin me? Baba ya ce in kawo masa hotonka a kan dandali, ya rataya a coci." Ta lashi bakin ambulan ɗin ta manne. "Ga shi na samu."