Yasira Mai Riƙon Wuta

Yasira 'yar Wara ce, a gidan masunta ta tashi. Tun tana firamare ta yi suna wajen lissafi, kuma ba ta da yawan magana. Mahaifinta ya rasu tana sakandare, sai mahaifiyarta, Inna Hajara, ta ci gaba da riƙe karatunta da sana'ar bandar kifi, har ta gama karatun injiniyan lantarki a Zariya. Daga nan wani malaminta ya nema mata gurbin ƙaro ilimi a Turai.

Can ta faɗa cikin masu ƙoƙarin samar da lantarki ta hanyar da rana ke samar da zafinta. Suna dafa iskar gas a cikin wata katuwar tukunyar ƙarfe har ta koma abin da suke kira filasma, mai zafin da babu ƙarfen da zai jure shi. Don haka da maganaɗisu ake riƙe ta a tsakiya, kada ta taɓa bango. Aikin Yasira shi ne tsara wa kwamfuta umarnin da za ta riƙa ƙara wa maganaɗisun ƙarfi ko ta rage, da zarar filasmar ta fara karkata.

Ranar da aka fara gwada tsarinta, filasmar ta kuɓuce ta daki bango, aiki ya tsaya makonni. Babu wanda ya yi mata faɗa, amma ita ta kasa cin abinci. Da ta nutsu ta bincika, sai ta gano tsarin nata yana wuce gona wajen gyara: filasma ta ɗan karkata hagu, shi kuma ya ingiza ta dama da ƙarfin da ya yi yawa. Watanni ta ɗauka tana sassauta shi. A gwaji na gaba filasmar ta zauna daram.

Da ta zo gida hutu, ta sami Inna a bakin murhu tana juya kifi, ta zauna ta ba ta labarin duka.

"To, yaushe wutar taku za ta iso Wara?" in ji Inna.

"Gaskiya ban sani ba, Inna. Wataƙila sai zamanin jikokina."

"Kuma kin san haka kike yi?"

"Na sani."

"To, Allah shi taimaka. Ƙaro mini icce."

A hutun ne wani kamfanin sola ya yi mata tayin aiki a Yelwa, aikin da cikin wata guda mutane za su ga amfaninsa. Ta daɗe tana juya maganar, ta yi istihara, ta je kabarin mahaifinta. Daga ƙarshe ta haɗa kamfanin da Mamuda, abokin karatunta da ke zaman neman aiki, ita kuma ta koma Turai. Har yau in aka tambaye ta ko ta yi daidai, takan ce wasu ranakun tana ganin haka, wasu kuma ba ta da tabbas.