Ranar da Rabin Inci Ya Zauna a Teburinsa

Shekara talatin da ɗaya shagona yana jingine da na Rabin Inci. Shi kafinta, ni mai fenti. Idan ya gama kujera ko kabad ba ya ɓata bakinsa wajen kirana, sai ya buga bangon kwanon da ke tsakaninmu sau biyu da ƙotar guduma, ni kuwa in ɗauko buroshi in zagayo. Yau wata huɗu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ta ce in rubuta wani abu a kansa tunda na fi kowa saninsa. Ni ba mai dogon karatu ba ne, saboda haka zan ba da labarin rana ɗaya kawai, wadda nake ganin duk halinsa yana cikinta.

Sunan nan masu kawo aiki ne suka laƙaba masa. Ka zo karɓar kayanka, ka gan su tsaf sai sheƙi suke, ka ce an gama? Sai ya runtse ido ɗaya ya ce, "Saura rabin inci." Fensir a bayan kunne, tef ɗin awo a aljihu, ko ina za shi. Ranar da aka fara kwantar da shi a asibiti, kafin ya hau gadon sai da ya auna ƙafafunsa, ya gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa ɗaya ta fi sauran gajarta. Kuma ban taɓa jin ya ce "zan gwada" ba. Duk abin da aka nuna masa, amsarsa ɗaya ce: "Guda nawa?"

Haka ya ce wa Madam. Madam wata dattijuwa ce 'yar Sin, gajeruwa, mai saurin tafiya, wadda take gina gidan abinci a sabuwar unguwar bayan gari, can inda gidaje suke da dogayen katangu kuma ba ka ganin kowa a ƙafa. Ta zo shagonsa da hoto a waya: teburi zagayayye, a tsakiyarsa wani faifai da ake jera abinci a kai, kowa ya juyo shi gabansa ya ɗiba. Kafintoci biyu sun riga sun ce mata sai dai ta yi oda daga waje. Rabin Inci ya kalli hoton, ya matso da shi kusa da hancinsa, ya ce, "Guda nawa?" Ta ɗaga yatsu uku.

Bai taɓa ganin irin teburin nan da idonsa ba. Wata biyu ya yi yana fama da faifan. Ya sa boris ɗin ƙafar babur, faifai ya riƙa gudu kamar fanka. Ya canza, ya yi nauyi sai an sa hannu biyu. Daga baya ya samo boris ɗin wani tsohon injin niƙa, ya yi masa zoben fata a ƙarƙashi don ya rage masa rawar kai. Gwajinsa kuwa shi ne ya cika kofi da ruwa har baki, ya ajiye a gefen faifan, ya tura da yatsa ɗaya. In ɗigo ɗaya ya zuba, sai a kwance a sake. Ya jera bulo shida a kai a madadin kwanukan abinci, faifai ya juya lafiya. Na ce ai shi ke nan. Ya ce, "Mai Fenti, bulo ba miya ba ne. Bulo ba ya zuba, kuma ba shi da hannu goma suna ja ta ko ina."

Sun yi faɗa da Madam sau ɗaya. Ya ɗaga faifan sama da yadda ta ce, don kada ya matse yatsan mai ci. Ita tana faɗa da yarenta, shi yana faɗa da nasa, babu mai jin wani. Ƙarshe ya kama yatsanta ya zura a ƙarƙashin faifan ya juya. Ta gyaɗa kai. Ni na shafa wa teburan man sheƙi har shafi huɗu, muka kai su ta ƙofar baya, lokacin wurin duk warin siminti yake.

Bayan nan ne ciwon ƙoda ya kama shi. Aka buɗe gidan abincin yana kwance. Ya fito ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, abinci ko cokali uku ba ya yi. Sau biyu a mako ana kai shi wankin ƙoda. Amma duk ranar da na je gaishe shi zancen ɗaya ne. Bai ga teburinsa ɗauke da abinci da mutane a kewaye ba, bai sani ba ko faifan yana juyawa yadda ya kamata. Maman Auta, matarsa, ta ce tunda ba a kawo ƙara ba ai lafiya lau ne. Ya ce, "Masu kuɗi ba sa kawo ƙara, daina kiranka kawai suke yi."

Wata Asabar da hantsi ya aiko aka kira ni. Na same shi ya sha fararen kaya, ya aske gemu, har da turare.

"Ina zuwa haka, ango?" na ce.

"Je ka wanke fentin nan na farcenka. Yau ta ƙofar gaba za mu shiga."

Auta, wadda aikin jinya take yi, ta so ta hana. Ya ce ta zo ta tsare shi da kanta in tana tsoro. Muka ɗauki tasi mu huɗu: shi, Maman Auta, Auta, da ni.

Wurin ya canza har ban gane shi ba. Jajayen fitilu zagayayyu suna lilo daga rufi, ga wani akwatin gilashi da kifaye suke yawo a ciki, sanyin na'ura yana ratsa mutum, ƙasa kuwa kana ganin fuskarka. Na riƙa taka ta a hankali kamar wanda ya shigo da laifi. Rabin Inci ko a jikinsa. Idonsa na can ƙurya, inda teburansa uku suke sanye da jan ƙyalle. Biyu cike da mutane, ɗaya babu kowa.

Manaja, wani dogo mai baƙar kwat, ya tarbe mu da fara'a ya nufi wani ƙaramin teburi mai kusurwa huɗu kusa da taga.

"Ba nan ba, ɗana," in ji Rabin Inci. "Wancan."

"Ka yi haƙuri, Baba. Wancan na mutum shida ne zuwa sama. Ku huɗu ne."

"Ni na yi shi."

"Sannu da ƙoƙari, Baba," in ji manaja, da irin muryar da ake yi wa tsofaffi. "Amma doka ce."

Maman Auta ta ja hannun rigarsa. "Baban Auta, mu zauna a nan ɗin mana, ai kana hango shi."

"Hange na zo yi? Da hoto zan ce a kawo mini." Ya juyo gare ni. "Mai tasin nan ya tafi?"

Bai tafi ba, mun ce ya jira mu. Na fita in kirawo shi ya cika mana lissafi, na same shi ya kwantar da kujera yana sauraron rediyo. Ya dubi silifas ɗin ƙafarsa ya ce shi ba ya shiga irin wannan wuri haka. Na ce ai ƙarƙashin teburi ƙafar za ta shiga, wa zai gani. Ya biyo ni yana ta goge hannu a wando.

"Biyar," in ji manaja. Ya fara jin kunya, amma bai sauka ba.

"To kai ne na shida. Jawo kujera."

"Baba, ina bakin aiki."

"Ni ma aiki na zo dubawa."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Na ga tsayuwar ta fara yi wa Rabin Inci yawa, na matsa na dafa bayansa yadda ba wanda zai lura. Bai nuna ya ji ba, sai dai ya ɗan jingino. Ana cikin haka sai ƙofar kicin ta buɗe, Madam ta fito riƙe da tawul. Ta wuce mu taku biyu, ta tsaya, ta dawo. Ta daɗe tana kallonsa, don mutumin da ta sani ya ninka wannan a jiki. Sai ta hango fensirin bayan kunnensa.

"Rabin Inci!" ta ce, da irin nata lafazin.

Manaja ya yi mata bayani cikin sauri. Ta ƙirga mu da yatsa, ɗaya, biyu, har biyar, sannan ta nuna ƙirjinta. Ta miƙa wa manaja tawul ɗin ta wuce gaba, muka bi ta.

Kafin ya zauna sai da ya shafa gefen teburin da tafin hannu, ya zagaya rabinsa. Madam ce ta zaɓi abincin, bayan Auta ta roƙa a rage gishiri. Aka fara kawo shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna, babu sukari babu madara. Mai tasi ya kurɓa ya raɗa mini cewa an manta ba a gama haɗawa ba. Sai kwanuka suka fara sauka a kan faifan: miya mai kauri da masara a ciki, soyayyar shinkafa da ƙwai, taliya doguwa, agwagwa yankakkiya sirara-sirara, ganye mai tafarnuwa, da wani babban kifi ɗungurungum da citta a kansa. Aka ba kowa 'yan sanduna biyu na cin abinci. Na gwada sau uku, yankan agwagwa ya tsalle ya faɗa cinyata, na ce a taimake ni da cokali. Rabin Inci kuwa ya juya sandunan, ya duba ko sun miƙe, ya kalli hannun Madam sau ɗaya, ya riƙe su kamar fensir biyu. Suka zauna masa.

Ni na fara tafka kuskure. Na zuba abinci a farantina, na ga faifan ya fi tudu, sai na ɗora farantin a kai don in ji daɗin ci. Mai tasi ya hango kifi a ɗaya gefen, ya ja faifai. Ina riƙe da cokali a sama, farantina ya kama hanya, ya wuce Auta, ya wuce Maman Auta, ya je ya tsaya gaban Madam.

"Malam direba," na ce, "ka tafi da fasinja bai gama shiga ba."

Madam ta yi dariya har da share hawaye. Maman Auta ta ce shekara talatin ana nuna mini katako, har yau ban san inda ake ajiye faranti ba.

Shi kaɗai bai yi dariya ba, kuma bai taɓa abinci ba. Ya ɗauki butar shayi ya cika ɗan kofinsa har baki, ya ɗora a gefen faifan, tsakanin kwanon miya da kifi. Kowa ya janye hannu. Ya sa yatsa ɗaya ya tura. Faifai ya tafi a natse da kayansa duka, miya ko motsi ba ta yi ba, kofi ya zagaya ya dawo gabansa. Ya ɗaga shi ya duba ƙarƙashi. A bushe.

Na buɗe baki zan yi masa barka, sai na ga ya karkata kai.

"Kun ji?"

"Me?" in ji Auta.

"Yana kuka. Daidai lokacin da kifin ya wuce gaban mamanki."

Babu wanda ya ji komai. Ya sake juyawa, muka kasa kunne, har Madam. Can sai na ji wani ɗan ƙiƙ, wanda bai kai kukan sauro ba. Ya zura hannu a aljihun fararen kayan nan ya fito da sukurdireba da ɗan gwangwanin giris. Ashe da su ya taho. Ya dafa teburi zai durƙusa, gwiwa ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, Auta ta riƙe shi ta ce, "Baba, don Allah." Ya zauna yana haki. Ya daɗe yana kallon sukurdireban, sannan ya miƙo mini.

Tun da muke bai taɓa bari na taɓa masa kayan aiki ba. Yakan ce hannun mai fenti shafa kawai ya iya.

Na ɗage jan ƙyallen na shiga ƙarƙashin teburi da rarrafe, ni da shekaruna sittin da biyu, a tsakiyar gidan abincin masu hali. Ina ganin silifas ɗin mai tasi da takalman manaja da ya matso a guje. Muryar Rabin Inci tana zuwa mini daga sama, daram, kamar yana shagonsa.

"Ka ga sukurori huɗu a jikin ƙarfen? Na biyu daga hagunka. Ɗaure shi rabin juyi. Rabi na ce, kada ka nuna mini ƙarfi. Yanzu lakato giris ka shafa a bakin zoben. Shafa dai ai ka iya."

Na fito da baƙin maiƙo a hannun riga. Ya tura faifan da yatsa, ya rufe ido. Ya zagaya sau ɗaya, ya sake turawa, ya zagaya na biyu. Ya buɗe ido ya dubi Madam, ya ɗaga mata gira. Ta haɗa hannuwanta biyu ta ɗan sunkuyar da kai.

"To," ya ce, "yanzu a zuba mini."

Ya ci shinkafa, ya ci taliya, ya ƙara. Ya nemi baƙin ruwan nan mai gishiri da ake ɗigawa a abinci, Auta ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa, ta ɗiga masa da hannunta. Da ya ga Maman Auta tana jin nauyin miƙa hannu, sai ya juya faifan a hankali ya tsayar da kifin daidai gabanta, ɓangaren da ya fi tsoka yana kallonta. Ya ce, "Ci, ba sai kin tashi kin zuba wa kowa ba yau." Ta sunkuyar da kai tana ci, ni kuma na yi kamar citta ce ta shiga mini ido.

Sati biyar bayan nan ya rasu, da safe, a gida, Auta na riƙe da hannunsa. Abincin ranar Asabar ɗin nan shi ne na ƙarshe da na ga ya cinye har ya ture faranti da kansa.

Bayan mun dawo daga gidan abincin, sai da na je wanke kayan da na sa ranar na tarar da sukurdireban a aljihu. Na kai masa washegari. Yana kwance, ya dube shi, ya dube ni, ya ce in riƙe, wai na ci jarrabawa da ƙyar.