Jirgin Malam da Salansar Baba

Shekarar da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mu aljihun ma ba mu da shi balle bakinsa. A shekarar aka sallami maigidana daga filin jirgin sama na Kano, inda yake miƙa wa masu gyaran jirage sifana yana goge musu mai. Muka tattara komatsanmu muka koma ƙauyenmu can bayan Ɗambatta, inda gona ke jingine da gona, in ka yi atishawa a taka sai maƙwabci ya amsa maka daga tasa.

Mazan mutane in an sallame su sukan dawo da keken ɗinki, ko aƙalla rediyo. Ni nawa Malam ɗin da ɗan inji ya dawo, bai wuce girman kwakwa ba, wai wani injiniya da ya yi wa hidima ne ya bar masa. Ya naɗe shi cikin zanena mai kyau, ban sani ba sai da na ga tabon baƙin mai.

Na ce, "Malam, wannan na niƙa ne ko na ban ruwa?"

Ya ce, "Na jirgi ne."

Na ce to, Allah ya kawo fasinja.

Damina ta zo ta yi mana rabin aiki. Ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai, ya ƙone a tsaye. Abin da ya rage mana a duniya shi ne ɗan fegin shinkafa a fadama, gadon mahaifinsa. In ta yi, mu da yara mu ci tuwo har wata damina. In ba ta yi ba, sai dai mu bi gidajen dangi da ƙwarya, kuma dangin su ma hannu baka hannu ƙwarya suke. Ana cikin haka masu zuwa kasuwa suka fara kawo labarin jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka a gona kamar hadari su tashi su bar maka kara.

Kowa ya san yadda ake korar tsuntsu: a tura yara da gwangwani da majajjawa su wuni suna ihu. Namu yaran a lokacin babbar ma ko ɗaurin zane ba ta iya ba. Sai Malam ya shige zaure da tukurwa da buhun taki da falankin akwatin sabulu, ya yi ta feƙe-feƙe, ya sassaƙa farfela da wuƙar girkina. Da ya fito sai ga jirgi, faɗin fikafikansa ya kai tsawon tabarma. Ya ɗaura masa doguwar waya, ya ce shi zai tsaya kan surin da ke tsakiyar fegin ya riƙe wayar, jirgin ya riƙa kewaya shi. Saura mai cillawa. Ya dube ni.

Na ce, "Ni? Matar aure, uwar 'ya'ya?"

Na dai ɗaure mayafi a ƙugu na cilla, don yunwa ba ta san matar aure ba.

Wallahi ya tashi! Ya yi sama yana wata irin kururuwa da ban taɓa jin irinta ba, Malam na bisa suri yana juyawa da shi, babbar riga na tashi. Duk wani tsuntsu da ke fadamar ya kama gabansa, har balbelu da ba ruwansu. Da man ya ƙare jirgin ya sauko cikin ciyawa, Malam ma ya sauko, jiri ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin taɓo. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, kuma ranar na yi alfahari da shi, ko da yake ban gaya masa ba.

To amma ba tsuntsaye kaɗai suka ji ba. Jakin mai unguwa ya tsinke igiya sai a hanyar Kunci aka kamo shi. Wata tsohuwa ta ce kajinta sun daina ƙwai. Malamin da ke ba da karatu a bakin masallaci ya ce ɗalibansa na ji sai su ajiye littafi su yi fadama. Ba wanda ya tunkari maigidana, don sun riga sun yanke cewa birni ya taɓa masa kai. Sai suka riƙa sallama a maƙerar Babana suna kai masa ƙara.

Babana maƙerin gwangwani ne, yana yin fitilar aci-balbal da mazurari da ludayin awon mai. Mutum ne marar magana. Ni kuma 'yar farinsa ce, don haka tun tasowata ba ya kama sunana, ba ma haɗa ido, in zai ba ni saƙo sai ya faɗa wa ƙanwarsa Gwaggo ko da ina tsaye a wurin. Tsakaninsa da Malam kuwa kunyar surukai ce ta gaske, irin ta da. Malam in ya hango shi tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, in da hali ma ya ratse cikin gonar mutane ya ɓace.

Wata safiya sai ga Gwaggo da ƙunshi. Ta ce Baba ya ce a ba mai jirgi. Muka kwance, sai ga salansa ta rage ƙarar inji, 'yar dunƙulalliya, an yi ta da gwangwanin madara, an liƙe da dalma tsaf, an cusa mata soson ƙarfe a ciki, an huda mata 'yan ƙofofi kamar na rariya. Har zanen ado ya yi mata a baki. Malam ya karɓa da hannu biyu yana durƙushe, kamar Baban ne a gabansa, ya yi ta godiya har Gwaggo ta gaji ta tafi.

Ya ɗaura salansar, ya tayar da inji. Kai, abin sha'awa! Maimakon kururuwa sai wani ɗan gurnani mai ladabi, ko jariri ba zai tasa ba. Muka tafi fadama, ya hau suri, na cilla. Jirgi ya yi kamar zai tashi, ya yi tunani, ya sunkuyar da kai ya dasa hanci cikin shinkafa. Na ɗauko na sake cillawa da ƙarfina duka. Ya ɗan ja ciki a saman ganye, wata kurciya na zaune a kan kara tana kallonsa ko gezau.

Daga nan aka shiga bincike. Da farko Malam ya ce fetur ne, 'yan bumburutu sun gauraya da kananzir. Ya hau keke har Ɗambatta ya nemo wani, ya tace da ɗankwalina. Jirgi ya ƙi. Ya ce fulogi ne, ya kwance ya kankare da reza, ya hura, ya gasa a murhuna ina tsaka da talge. Jirgi ya ƙi. Ya ce baƙin mai ya yi yawa a haɗin, ya rage. Ya ce ya yi kaɗan, ya ƙara. Ya wargaza kafireta a kan faifaina, kaza ta zo ta haɗiye wani ɗan ƙaramin ƙarfe, muka wuni muna gadin kaza. Ya sassaƙa sabuwar farfela. Ya ce raɓa ce ta jiƙa fikafikan, aka shanya jirgi a kan danga kamar wanki. Har ni sai da aka zarga, wai hannuna ya yi sanyi wajen cillawa. Na ce hannun da ke daka ne zai yi sanyi? Zo in cilla ka mu gani.

Gaskiya a kwanakin farko bai sani ba, na ga yadda yake rama. Inji yana tashi lafiya, amma in ya buɗe masa wuta sai ya yi zafi ya riƙa nishi, baƙin mai na tsatsafowa ta bakin salansa. Ranar da ya gane, ina bayan rumbu ina sheƙe dusa, bai san ina wurin ba. Na ga ya waiga dama ya waiga hagu, ya kwance salansar a hankali, ya murza farfela. Inji ya kwatsa ihu, jirgi ya fizge zai ƙwace daga hannunsa, kaji suka watse. Nan take ya toshe shi ya mutu. Ya tsaya da gwangwanin a hannu yana kallo, soson ƙarfen ciki ya cushe da mai da baƙin hayaƙi. Sai ya goge ta da bakin rigarsa, ya mayar ya ɗaure.

Na fito na ce, "To, an gano ɓarawon?"

Ya ce, "Ina jin iska ce. Iskar bana ba ta da nauyi."

"Iska? Malam, dube ni. Da idona na gani."

Ya ce, "Ke, Baba ne fa ya yi ta da hannunsa. In na cire, gari duka zai ji, tun daga maƙera zai ji. Me na ce masa ke nan? Aikinka bai yi ba? Da wane ido?"

Na ce, "Da idon da za ka kalli 'ya'yanka suna kukan yunwa."

Ya ce a bari ya ƙara gwada fulogi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ya dafa kunyar mu ci da miyar kuka, na shige ɗaki. Amma ko a cikin fushin na san ba wauta ce zalla ba. Tunda aka sallame shi kowa ke masa kallon taɓaɓɓe, Baba kaɗai ya ɗauki jirgin da muhimmanci har ya ɓata dalmarsa a kai.

Shinkafa na cikin yin nono jan-baki suka iso. Na taɓa jin labari, ban taɓa gani ba. Suka rufe gefen fadama ta gabas, ƙarar fikafikansu kamar ana sheƙa ruwa a kan kwano. Na ɗauki murfin tukunya da muciya na yi ta bugu ina zagi har muryata ta dushe, in na kore su nan su sauka can. Malam na kan suri da jirginsa mai ladabi yana roƙon sa ya tashi. Kafin azahar sun cinye mana kusurwa guda, na tsaya na ga zangarniya fanko na kaɗawa, hawaye suka zubo mini.

Ban koma gida ba, na zarce gidanmu da taɓo a ƙafa. Ba zan iya tsayawa gaban Baba in ce aikinsa ne ya shaƙe jirgi ba, bakina ba zai buɗu ba. Sai na ja Gwaggo muka zauna jikin katangar zaure, daidai inda maƙerar take ta ɗaya gefen, ina jin ƙwanƙwasar gudumarsa. Na ɗaga murya yadda kurma ma zai ji.

Na ce, "Gwaggo, kin san mutum in an toshe masa hanci ba ya iya gudu?"

Gwaggo ta gane, ita ma ta ɗaga tata. "Ina fa zai iya, 'yar nan!"

"To ashe inji ma haka ne. Wani bawan Allah ya gano abin da ke damun jirginsa, amma ya gwammace tsuntsu ya cinye abincin 'ya'yansa da ya cire kyautar da babba ya ba shi."

Gwaggo ta ce, "Kai, wannan bawan Allah da kunya yake! Allah ya shi albarka, Allah kuma ya ƙara masa wayo."

Guduma ta yi shiru. Na ce a raina shi ke nan, na yi rashin kunya. Can sai ta ci gaba da ƙwanƙwasa kamar ba a yi komai ba. Na tashi na tafi gida.

Washegari da hantsi muna fadama, tsuntsaye sun fara taruwa a kan bishiyoyi, sai ga Baba tafe da buzunsa a kafaɗa. Malam ya diro daga suri, ya nemi takalmin da zai tuɓe ya tarar ba ya sanye da shi, ya durƙusa cikin ruwa. Ni na juya baya na ja mayafi. Baba bai dubi kowa ba. Ya dubi wata giginya can gefe, ya yi mata magana.

Ya ce, "Gwangwanin nan dama aro na bayar. Ana ƙarancin gwangwani bana, wani ya ba ni aikin mazurari. In an gama da shi ina so."

Malam, kai a ƙasa, ya ce, "An gama, Baba. Ya yi amfani ƙwarai, Allah ya saka da alheri."

Ya kwance salansar ya miƙa. Baba ya jefa a aljihu. Muka zaci zai tafi, sai ya shimfiɗa buzu a bakin fegin, daidai hanyar da mutanen gari ke bi, ya zauna ya ciro carbi.

Na cilla jirgi. Ya tsaga fadama da ihu, jan-baki suka tashi baƙi ƙirin suka yi arewa. Ba a jima ba sai ga mai unguwa tafe a fusace, bayansa mai kaji. Suka yi turus da suka ga wanda ke zaune. Mai unguwa ya ce, "Barka da hutawa." Baba ya ce, "Barka kadai." Suka ɗan tsaya suna kallon sama, suka juya.

Haka Baba ya riƙa zuwa kullum har muka yanke shinkafa, yana zaune ƙarƙashin wannan kururuwa daga hantsi zuwa azahar, ba wanda ya ƙara kawo ƙara. Abin da tsuntsu ya bari ya kai mu har ruwa ya sake sauka, da ɗan ƙarin rama da zogale.

Sai bayan mun kai amfani gida Gwaggo ta gaya mini. Ashe tun kafin mutane su fara kai masa ƙara, Baba ne wanda kururuwar jirgin ta fi damu, don ya daɗe yana fama da ciwon kai mai sara. Duk ranar da ya dawo daga fadama sai ya kwanta a zaure ta ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a goshi, abinci ma sai la'asar yake iya ci. In ta ce ya huta gobe, sai ya ce shinkafar yaran nan ba ta nuna ba tukuna, kuma kada ta kuskura ta faɗa wa yarinyar nan.