Gwangwanin Yaya Sani a Murhun Inna

Na jona ƙarfen dalma ke nan zan gyara wa Inna fitilarta mai caji, sai ta riƙe min hannu.

Ƙananan ƙwayayen hasken LED da zan liƙa mata, daga shagon Yaya Sani na kwaso su. Tun da 'yan bindiga suka kashe shi a hanyar Kaduna ledarsu take a buɗe, damina ta wuce a kansu.

Ta ce, "Kar ka sa musu wuta, Habibu. Sun sha danshi. Zafi na taɓa su za su tsage ta ciki, su mutu."

Na ce, "Inna, ke a ina kika san wannan?"

Ta ce, "A murhuna yake busar da su. Ya zuba a gwangwanin madara, ya ɗora gefen toka mai ɗumi, ya zauna yana min surutu har su bushe."

Ta ɗauko gwangwanin. Ashe tana ajiye da shi.

Na zuba su a ciki, na ɗora gefen toka, na zauna inda yake zama.

Allah ya jiƙan Yaya. Ku wane abu mamacinku ya bari da kuka kasa yarwa?