Abin da Ya Ƙirga a Zauren Gidanmu

A shekarata ta ƙarshe a jami'a a Gashua, aka ba ni aikin haɗa na'urar da za ta ƙirga buhunan shinkafa a wurin casa. Zuciyar na'urar wata 'yar baƙar ƙwaya ce mai sarrafa sigina, irin wadda masu gyaran rediyo ke ce wa aisi. A cikinta akwai maƙirgi guda biyu, kowanne mai aiki iri biyu. In ka jona shi da bugun agogon cikinta, sai ka ɗora masa lamba ya riƙa rage ɗaya-ɗaya, in ya kai sifili ya sanar, ya koma farko. Da haka ake auna lokaci. In kuwa ka jona shi da waje, duk abin da ya gitta gaban idon na'urar sai ya ƙirga.

Da hutu na tafi da ita gida Nguru don gwaji. Wata huɗu ke nan da rasuwar Baba, wanda ba ya fashin sallar La'asar a masallaci, gidan ya yi shiru, daga ni sai Inna. Na kafa idon a ƙofar zaure, na sa maƙirgi ɗaya yana ƙirga masu wucewa, ɗayan yana riƙe lokaci.

Kwana uku a jere ina samun ƙarin biyu a kan waɗanda na san sun wuce. Na zargi ƙadangare, na ɗaga idon zuwa tsayin ƙirji. Bai daina ba. Da na duba lokutan, sai na ga na farko yana zuwa jim kaɗan bayan kiran La'asar, na biyu bayan kamar minti ashirin.

Rana ta huɗu na shimfiɗa tabarma a zauren na zauna. Ladan ya gama kira. Ba iska, ba kaza, ba kowa. Ina kallo lambar ta motsa. Ina nan zaune har masallata suka watse, lambar ta sake motsawa.

Na shiga na gaya wa Inna. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba, ba ta kuma tambaye ni komai ba.

"Cire shi, 'yar nan," ta ce. "Ba kowane mai wucewa ake ƙirgawa ba."

Na cire a ranar.

Malamin da ke duba aikina ya ce hasken yamma ne ke dukan idon, ya sa na yi masa rumfa da kwali. Ban gaya masa cewa ƙofar zaurenmu gabas take kallo ba. A wurin casa na'urar ta ƙirga buhuna daidai, aka ba ni maki mai kyau. Mai injin casar ya nemi in bar masa ita, na bar masa har da wayoyinta.